Ranar da Aka Goge Sunan Kawu Daga Injin Meri

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Kawu ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Tun daga ranar nake zaune ina kallon mutane suna shigowa gidansa suna faɗin abin da ba su taɓa faɗa masa ba sa'ad da yake da kunnen ji.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma shekara goma sha ɗaya na yi teburina na jingine da nasa a meri, wato ofishin magajin garinmu, wani ɗan gari tsakanin Mayahi da Tasawa, a ɗakin da ake yi wa mutane takardun haihuwa da na aure da na mutuwa. Saboda haka in aka zo ana yabonsa, na san wanda abin ya taɓa, na san wanda ya zo don a ce ya zo.

Rana ta biyu Sakatare ya iso. Shi ne babban sakataren meri, kowace takarda sai ta bi ta hannunsa. Turarensa ya riga shi shigowa gida. Ya zauna wurin maza a ƙofar gida, mu mata muna ciki muna jin muryarsa ta bayan zana, don ba don maza kaɗai yake maganar ba.

"Mun yi rashin uba," in ji shi. "Meri ta yi rashin ginshiƙi. Ni kullum ina faɗa, irin wanga bawan Allah ba a samun su sau biyu."

Iya, matar Kawu, ta ɗago kai daga carbinta ta dube ni.

"Wanga ba shi ne mai ce mashi tsohon daktilo ba?"

"Shi ne, Iya."

"To, Allah ya ba shi ladan tahiya," ta ce, ta koma kan carbinta.

Da ya shigo yi wa mata gaisuwa, aka shafa fatiha, sai ya yafuto ni zuwa bakin zaure. Na zaci wata magana ce ta ta'aziyya. Ya rage murya.

"Na san ba lokacinsa ba ne. Amma tun jiya dosiyen takardun jama'a ya ƙi buɗuwa a injina. Ko marigayi ya bar wata takarda da za a duba?"

Ƙasar kabarin Kawu ba ta gama bushewa ba. Na tsaya ina kallonsa har ya fara gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ka leƙa ƙarƙashin tebur?"

Bai leƙa ba.

"In ka koma ka leƙa. In ka ga waya shuɗiya kwance a ƙasa, ka mayar da ita raminta."

Washegari mai gadin meri ya zo gaisuwa, ya gaya mini ita ce. Ya ce ba Sakatare ne ya duƙa ba, shi aka kira ya duƙa.

Akwai waɗanda suka zo ba su yi jawabi ba. Wani mushe, wato malamin boko, daraktan kolej na wani ƙauye, ya zo a kan babur, ya yi addu'a mai tsawo, ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba. Fulani biyu da ban san su ba sun ajiye ƙwaryar nono suka juya. Abokiyar aikina, wadda muke kira Madam, ta yi kukan da har Iya ce ta koma tana ba ta haƙuri. Saboda waɗannan nake rubutun nan, kuma saboda in ban rubuta ba, labarin Kawu zai zama wanda Sakatare ya ga dama ya bayar.

Kawu bai yi dogon karatu ba. Firamare ya gama, ya yi 'yan watanni a Maradi yana koyon keken rubutu, aka ɗauke shi daktilo, mai buga takardu. Ya fi shekara ashirin yana ƙwanƙwasa wannan ƙarfe. Ina sabuwar zuwa meri wani shirin taimako ya kawo mana ordinatar guda biyar, wato kwamfuta, mu inji muke ce musu, aka turo wani ma'aikaci daga Yamai ya haɗa su, aka ce kowa ya zo ya koya, kwana uku za a yi. Ranar farko kowa ya zo, don akwai shinkafa da ɗaukar hoto. Rana ta biyu mutum uku suka rage. Rana ta uku Kawu kaɗai. Ni ma ina cikin waɗanda suka sulale, ba zan ɓoye ba; ranar kasuwa ce. Kawu, da furfurarsa, shi ya riƙe wa mutumin Yamai tsani, yana tambaya yana rubutawa a wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Ga yadda aka haɗa abin. Inji ɗaya aka ajiye a ɗakin baya, ba mai zama gabansa, shi ke riƙe da dosiye, wato duk takardun jama'ar da muka buga. Sauran huɗun suna ɗebowa daga gare shi ta wayoyi shuɗɗa, waɗanda suka taru a wani ɗan akwati mai korayen fitilu da ke maƙale a bango. Wannan haɗin shi ne rezo. Da mutumin Yamai ya zo sa sunan da za a riƙa shiga dosiyen da shi, ya waiwaya bai ga kowa ba sai Kawu, sai ya sa sunan Kawu, ya ajiye shi cikin kowane inji. Daga ranar, duk wanda ya buɗe dosiye a merinmu, har Sakatare, da sunan Kawu yake shiga, ko ya sani ko bai sani ba. Yawancinsu ba su sani ba, ba su kuma taɓa tambaya ba.

In wani ya ɗaga murya daga ɗakinsa ya ce, "Rezo ya mutu!" Kawu ba ya motsi sai ya gama tauna goron da ke bakinsa. Sannan ya taso yana jan takalmi.

"Rezo ba rai gare shi ba, balle ya mutu. Mi ka taɓa?"

"Ban taɓa komi ba."

"Haka ne. Kowa bai taɓa komi ba. Aljannu ke aiki a meringa."

Tsarinsa ɗaya ne, ban taɓa ganin ya tsallake mataki ba. Ya naɗe riga ya durƙusa ya taɓa wayar. Ya tashi ya dubi fitilun akwatin bango. Ya shiga ɗakin baya ya ga ko injin can na kunne, don sau da yawa kuran, wato lantarki, ya ɗauke ya dawo ba wanda ya tayar da shi. Ya buɗe kayensa ya duba lambar kowane inji, ya ga ko ta sauya. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan ya zauna ya taɓa madannai.

"Ƙasa ake hwara dubawa, ɗiyata," ya kan ce da ni. "Manyanmu ba su son duƙawa, shi ya sa komi nasu yake tsaye."

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Kawu yana da baki, kuma yana da raini, sai dai rainin nasa ba ya sauka kan talaka. Bafulatanar da ta zo neman takardar ɗanta ba ta san shekarar da ta haife shi ba, zai zauna da ita yana tambaya, "Kafin shekarar da shanu suka mutu ko bayanta?" har su kamo zaren. Amma wanda ya cire wayar injin baya don ya sa wa salularsa caji, ko wanda ya kawo kle, ɗan abin nan da ake kwafe abubuwa a ciki, cike da waƙoƙin biki ya soka wa injin aiki, wannan ya shiga uku. Masu rataye takardun shaidar karatunsu a bango kuwa, suna guda ya ba su duka: 'yan bango. "Ɗan bango ya kira ni," zai ce, "injinsa ya ƙi jin Faransanci."

Ni ma ban tsira ba. Wata rana dosiye ya ƙi buɗe mini, ga mutane cike da benci. Na kira shi. Ya zo ya tsaya a kaina, hannuwa a baya.

"Mi ya rubuta maki?"

"Wani abu ne, na rufe."

"Kin karanta?"

"Kawu, mutane na jira."

"Su jira. Ke da kika yi karatu har lise, inji ya yi maki magana kin rufe mashi baki. Sake."

Na sake dannawa, rubutun ya fito, ya sa na karanta da ƙarfi gaban jama'a kamar 'yar aji ɗaya. Injin cewa ya yi bai ga hanya ba.

"To saurara, ba ni maimaitawa. In ya ce bai ga hanya ba, waya ce, ko akwatin bango, ko injin baya. In ya ce ya hana ki shiga, hanya lahiya lau take, izini ne babu. Abu biyu ne daban. Wanda bai raba su ba, ya bar taɓa injin mutane."

Bai taɓa komai ba har na durƙusa da kaina na gano wayar da tsintsiyar mai shara ta fizge. Na koma gida na yi kuka. Inna, mahaifiyata, ta ɗauki mayafi ta tafi gidansa, ta ce ba ta ba shi ɗiyarta don ya wulaƙanta ta gaban ƙauyawa ba. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "In na mutu, ke za ki zo ki gyara mata?" Inna ta ce ai shi tun suna yara ba ya iya magana sai da ƙaya. Sati biyu ba su gaisa ba, sai da aka yi suna a dangi aka haɗa su kwano ɗaya.

Labarin Madam kuwa ban san shi ba sai a zaman makokin nan, ita ta ba ni da bakinta. Idonta ya fara rauni, tana ɓoyewa don kada a ce ta tsufa da aiki. Wata rana da safe, garin share wata takarda guda, ta share rajistar shekara ɗaya cur daga dosiye, kuma abin da aka share ta rezo ba ya faɗawa kwandon da za a tsamo shi. Ta ce ta ga aikinta ya tafi, ga marayu huɗu a gida. Ta je ta raɗa wa Kawu. Ashe kowace Alhamis yana kwafe dosiyen duka a wani ɗan faifai da yake ajiyewa cikin gwangwanin madara a aljihun teburinsa. Kafin azahar ya mayar da komai. Da Sakatare ya leƙo yana tambayar abin da ya tsayar da aiki, Kawu ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kuran ne." Ita kuma abin da ya ce mata kawai shi ne, "Gobe ki zo da tabaranki. Ba wanda zai mutu don ya gan ki da su." Shekara shida bai sake tayar da maganar ba.

Ya sha gaya wa Sakatare cewa wannan shiga da suna ɗaya ba daidai ba ne, a ba kowa sunansa da modpas nasa, kalmar sirrin shiga ke nan, don in wani abu ya faru a san inda aka kwana. Sakatare ya ce shi ba shi da lokacin haddace kalmomi kamar ɗan makarantar allo. Da shekarun aikin Kawu suka cika, shekara biyu ke nan da suka wuce, ya nemi a ba shi yini guda ya damƙa komai. Ina wurin Sakatare ya ba shi amsa, yana juya makullin motarsa a yatsa.

"Tsoho, ka yi naka, mun gode. Amma wanga aiki ba bugun daktilo ba ne. Akwai injiniya da zai zo daga Maradi."

Ya karɓi faifan Alhamis, ya ce kayan gwamnati ne. Kayen kuwa ya tura wa Kawu da bayan hannu, ya ce ya je da shi jikoki su yi zane.

Injiniyan ƙanen matar Sakatare ne. Ya iso da baƙar jaka da takalmi mai tsinin baki, kowace magana tasa rabi Hausa rabi Faransanci, kuma ba ya gama ko ɗaya. Ranar Asabar ya yi aikinsa, ba kowa a meri sai shi da surukinsa. Ya buɗe wa kansa suna a injin baya. Sakatare ya ce masa, tunda tsohon ya tafi, a cire sunansa daga injin gwamnati. Ya cire. Faifan Alhamis kuma ya ga babu amfanin ya zauna haka, ya share shi ya zuba nasa kayan aiki.

Ranar Litinin da safe ba injin da ya buɗe dosiye. Ko a injin bayan kansa, in an danna, sai ya ƙi.

A ranar ne daraktan kolej ɗin nan ya zo. Yara goma sha biyu gare shi da za su zauna jarrabawar birebe ta gama kolej, kowane yana buƙatar kwafin takardar haihuwarsa, kuma ranar Laraba da azahar za a rufe karɓar takardu a Mayahi. Wanda ya san aikinmu zai ce a duba manyan littattafan rajista. Littattafan waɗannan shekarun gara ta cinye su tun da rufin ma'aji ya yi yoyo. Abin da ya rage shi ne wanda Kawu ya zauna ya buga a inji, shafi bayan shafi, kafin garar ta gama.

Darakta ya wuni a benci. Injiniya ya wuni yana kunna inji yana kashewa, yana waya da abokansa. Ranar Talata da safe ya fito ya yi sanarwa: birus ne, cutar inji, ta shigo ta tsofaffin kayan da wanda bai san aiki ba ya tara. Magani ɗaya ne, a yi wa injin baya formate, a wanke shi tas a fara sabo.

"Takardun fa?" in ji darakta.

"Za a sake bugawa."

"Daga ina?"

Injiniya ya dubi agogonsa.

Ni kuwa na riga na karanta abin da injina ya rubuto, sau uku. Bai ce bai ga hanya ba. Cewa ya yi an hana ni shiga. Na tashi na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin ba abin da ya ɓata. Izini ne babu."

Injiniya ya yi dariya. "Ke kuma, a ina kika yi naki karatun na amfomatik?"

"Koma teburinki," in ji Sakatare.

Suka fita shan shayi kafin a fara wankin. Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na je na ja ƙofar ɗakin baya na murɗa makulli, na ƙulle shi a bakin zanena, na fita na tare ɗan kabu-kabu. Na san abin da na yi ya isa a kore ni. Darakta ya ga fitata, ya hau baburinsa ya biyo ni.

Mun tarar da Kawu a kan tsani yana gyaran jinkar rumbu. Na ba shi labari daga ƙasa. Bai daina ɗaurin da yake yi ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"To ba ni zuwa. Suna da injiniya."

"Kawu, wanke shi za su yi."

"Su wanke. Su sa mashi sabulu."

Sai darakta ya matso ya cire hula. "Baba, ni ban san abin da ke tsakaninku ba. Yaran nan shekara huɗu suna tako ƙasa zuwa kolej, wasu daga ruga. In Laraba ta wuce, sai baɗi, kuma na san rabinsu iyayensu ba za su sake bari ba."

Kawu ya ci gaba da ɗaurinsa. Ya ƙarasa ƙullin da ke hannunsa, ya sauko a hankali, don gwiwoyinsa sun riga sun gaji. Bai sauya riga ba, bai wanke hannu ba. Ya leƙa ɗaki ya ɗauko kayensa, ya hau bayan darakta.

Mun tarar da Sakatare yana zagaye tsakar meri yana cewa a nemo maƙeri a fasa ƙofa. Kawu ya gaida mai gadi, ya gaida mai shara, ya gaida mutanen benci ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rusuna wa Sakatare, rusunawar da ta fi zagi ciwo.

"Ranka ya daɗe, tsohon daktilo na neman izini ya leƙa injin gwamnati."

Jama'a na kallo, darakta na tsaye. Sakatare ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, wai a bar shi ya gwada.

Ko a ranar bai tsallake mataki ba. Ya durƙusa ƙarƙashin teburina, ciyawar jinka na zuba daga rigarsa, ya taɓa waya. Ya dafa kujera ya tashi, ya dubi fitilu. Injiniya na murmushi yana kallon surukinsa. Na kwance makulli na buɗe ɗakin baya, muka shiga. Kawu ya duba lamba ya gwada da ta kaye, daidai take.

"Ɗana," ya ce wa injiniya, "buɗa mani da sunanka. Ni ba ni da suna nan."

Ya buɗe. Kawu ya nuna masa inda zai danna a kan dosiyen, wurin da ake jera waɗanda aka yarda su shiga. Layi ɗaya ne a wurin, kuma ba suna ba ne. Wasu lambobi ne masu tsawo, da alamar tambaya a gefe.

"Wanga wane ne?" in ji Kawu.

"Shi ne birus ɗin," in ji injiniya da sauri.

"A'a. Ni ne. Nan sunana yake. Ka goge shi, inji ya rasa wanda zai kira, ya bar lambata. Ni kaɗai ke da izinin dosiyenga, kowa da sunana yake shiga. Ka cire ni, ka kulle kowa waje, har kanka. Takardun na nan, ko ɗaya bai motsa ba. Da ka wanke shi, da yau rabin yaran ƙasarga ba a haife su ba."

Na zaci zai zauna ya gyara. Sai ya ja kujerar ya dube ni.

"Zauna. Ke kin riga kin gane tun da sahe, hannu ne kawai ya rage."

Na zauna. Yana tsaye a bayana yana faɗa a taƙaice, ina yi. Na mayar da ikon dosiyen hannun injin, na buɗe wa kowane ma'aikaci sunansa, na sa su cikin jerin masu izini. Kowa ya zo ya buga modpas nasa da kansa. Sakatare ne na ƙarshe. Sau uku yana bugawa yana kuskure, da yatsa ɗaya, Kawu na tsaye yana duban rufi. Da muka koma teburina na shiga da sunana, na danna, dosiyen ya buɗe, shekaru suka jeru kamar yadda muka bar su ranar Juma'a. Madam ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi har na benci suka amsa. Kafin la'asar darakta ya ɗaure takardunsa goma sha biyu a cikin riga ya kama hanyar Mayahi.

Ga abin da ya biyo baya, don kada a ce ban faɗa ba. Ni aka ba takardar neman bayani, a kan kulle ɗakin gwamnati ba da izini ba. Rahoton da aka aika sama ya ce an samu matsala mai tsanani a rezo, injiniya ya shawo kanta cikin kwana biyu. Sunan Kawu bai fito ko a gefen shafi ba. Ba wanda ya ce a kai shi gida. Da ƙafa ya koma, na raka shi har bakin kasuwa. A nan ya tsaya ya miƙo mini kayen.

"Kulle ƙohwar da kika yi, kin yi daidai," ya ce. "Zuwa nemana ne sakarci. Ki sayi hwaihwai, ki riƙa kwahewa ran Alhamis."

A shekara goma sha ɗaya, iyakar yabon da na samu daga bakinsa ke nan, kuma ya ishe ni.

Bai sake taka meri ba. In na je gaishe shi ba ya tambayar kowa a can, sai dai ya ce, "Fitilu na ci?" in ce suna ci, ya koma zancen gero da tumakinsa. Ciwon da ya ɗauke shi bai fi wata biyu ba. Daga meri duka, Madam da mai gadi ne suka zo duba shi. Daga ofishin Sakatare zuwa ƙofar gidan Kawu, in mutum ya taka a hankali, bai kai a tafasa shayi ba.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Bayan an watse, sai ga wakilai uku daga meri cikin manyan riguna, suka nemi ganin Iya. Sun zo da albishir, in ji su. An zauna an yanke shawara za a sa wa ɗakin baya sunan marigayi, a rataye hotonsa a bango, a kira 'yan rediyo ranar buɗewa. Abin da ya rage a ba su hoto mai kyau, wanda ya sa babbar riga.

Iya ta saurare su har suka gama. Kawu ba shi da hoto sai na katin ɗan ƙasa, kuma yana ƙarƙashin matashinta, na sani. Ba ta ko waiwaya wajen ɗakin ba.

"Shekara talatin da wani abu yana zaune gabanku," ta ce. "In ba ku gan shi ba sa'annan, mi za ku gani a takarda? Ku gaida gida."

Suka tattara rigunansu suka fita, babban cikinsu har yana tuntuɓe da turmi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya yalwata masa makwanci, ya ba Iya da Inna haƙurin rashinsa. Ni kuma ya ba ni haƙurin waɗanda ya bar ni da su, don gobe Litinin.